Daga Kududdufi Zuwa Kwalbati: Tarihin Ilimin Sarrafa Ruwan Sama a Birnin Kano

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar watan Agusta ya kama, labaran da ke fitowa daga unguwannin Kano kusan iri ɗaya ne: ruwa ya shiga gidaje, katanga ta faɗi, titi ya koma rafi, 'yan kasuwa sun tafka asara. Idan aka ɗauke ruwa kuma sai a shiga rabon laifi. Jama'a su ce hukuma ba ta gina magudanai ba, hukuma ta ce jama'a ne ke zuba shara a lambatu, masana kuma su ambaci sauyin yanayi. Kowanne daga cikinsu yana da tasa gaskiyar. Sai dai akwai wata tambaya da ba kasafai ake yin ta ba, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami: mutanen da aka ɗora wa alhakin ruwan saman birnin nan, wa ya koyar da su, kuma me aka koya musu?

Abin da na fahimta daga bin tarihi shi ne, Kano ta ratsa makarantu uku a wannan fanni. Ta farko ita ce ta magina da masu unguwanni, ta biyu ta dubagari, ta uku ta injiniyoyi. Kowace da irin tambayar da take koya wa ɗalibanta su yi idan sun ga hadari ya haɗo. Magini yana tambayar inda ruwan zai kwanta, dubagari yana tambayar yadda za a hana shi kwanciya, injiniya kuma yana tambayar yadda za a fitar da shi da gaggawa. Kowace makaranta ta magance wata matsala ta gaske. Illar ita ce babu wadda ta zauna ta karɓi karatu daga wadda ta gabace ta, kuma wannan yankewar gado na cikin abin da muke girba a duk damina.

Ƙasar da Birnin Ya Zauna a Kai

Idan aka ɗauki matsakaicin shekaru masu yawa, Kano tana samun ruwan sama kimanin milimita 800 zuwa 900 a shekara. Wannan adadi ya zarce na birnin Landan, wanda ke samun kimanin milimita 600. Bambancin yana ga yadda ruwan ke sauka. Na Landan ya rarrabu cikin watanni goma sha biyu, yawancinsa yayyafi ne. Na Kano kuwa a cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma sau da yawa cikin sa'a ɗaya ko biyu ake sheƙa ruwan da zai cika gari. Saboda haka matsalar Kano tun asali ita ce ta ruwa mai yawa a ƙanƙanin lokaci, sannan watanni bakwai na rani su biyo baya.

Birnin yana zaune ne a kan doron da ya raba hanyoyin ruwa biyu. Ruwan kudancinsa yana gangarawa zuwa kogin Challawa, na tsohon birni da arewacinsa kuma yana bin Jakara, ya nufi arewa maso gabas, ya haɗu da rafin Getsi, har zuwa madatsar Wasai da ke Minjibir. Mutanen da suka zauna a nan tun da fari sun san wannan tsari, sun kuma rubuta shi a cikin sunayen unguwanni. Akwai Tudun Nufawa da Tudun Wazirci, akwai Kwarin Gogau da Kwarin Mabuga, akwai Bakin Ruwa da Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu. Duk wanda ya jera waɗannan sunaye ya zana taswirar gangaren birnin ba tare da ya riƙe na'urar awo ba. Da ambaliya ta shiga Kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata dukiya mai yawa, sunan kasuwar kansa ya riga ya faɗi inda ruwa zai nufa.

Makaranta ta Farko: Magina da Masu Unguwanni

Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa an fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, da wasu sarakunan bayansa. Ganuwa da fada da masallatai da gidajen talakawa duk da ƙasa aka gina su, kuma ƙasar nan kusa aka haƙo ta, domin babu mai ɗauko ta daga nesa a kan jaki alhali ga ta a ƙarƙashin ƙafarsa. Duk inda aka haƙi ƙasar tubali sai rami ya saura, damina ta zo ta cika shi, ya zama kududdufi.

A nan akwai wani daidaito da ya cancanci a tsaya a kai. Magina ba domin maganin ambaliya suke haƙa ramukan ba, ƙasar gini suke nema. Amma tsarin ya sa gwargwadon yawan ginin unguwa, gwargwadon girman raminta. Duk soron da aka ɗaga ya hana ruwa nutsewa a inda yake, ya bar wani gurbi kusa da shi da zai karɓi ruwan. Ruwan da ya sauko ta indararo ya bi wuriya ya fita daga gida, ya bi lungu, ya faɗa kududdufin unguwa. A can yake kwanciya, ya riƙa nutsewa sannu a hankali yana ciyar da rijiyoyi, abin da ya yi saura kuma ya tumbatsa zuwa wani kududdufin da ke ƙasa da shi, har ya kai Jakara bayan ƙarfinsa ya karye. Da rani kuma a shayar da dabbobi, a kwaɓa ƙasar yaɓe, a yi lambu a gefe.

Ilimin wannan makaranta ba a allo ko littafi yake ba. Yaro yana tasowa a gaban mahaifinsa ko ubangidansa, ya fara da miƙa tubali, ya koyi kwaɓi, ya koyi jera azara, har ya kai ga sanin yadda ake karkata rufin soro domin kada ruwa ya kwanta a kai, da tsawon da indararo zai yi domin kada ya zuba a gindin bango. Ya san inda ake shafa makuba da inda ake shafa laso, ya san amfanin dakalin da ake yi a jikin katanga domin kare ta daga cin ruwa. A saman sana'ar akwai Sarkin Magina, wanda ke da ta cewa a kan ingancin aiki. Mai unguwa da dattawa kuma su ne masu riƙe da sanin hanyar ruwan kowane lungu. Su ke raba gardama idan wani ya toshe wuriyar maƙwabcinsa, su ke kiran gayya kafin faɗuwar damina. Gidan ƙasa ba ya yafe sakaci, wanda bai yi yaɓe ba a bana zai kwana a waje baɗi, don haka kowane magidanci ɗalibi ne a wannan makaranta ko yana so ko ba ya so.

Ba daidai ba ne a mayar da wancan zamani aljannar duniya. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya bayyana cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Ya kuma koka da fadamar Jakara da ta kusa raba birnin biyu, da ramukan ruwa marasa gudu da haƙar ƙasar gini ta bari, da ɗoyin kwatamin gidaje da ke kwarara a kan hanya. Bayaninsa ya nuna abu biyu a lokaci guda. Na farko, birnin da ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 30,000 da 40,000 yana da wadataccen fili da ke shanye ruwa. Na biyu, kududdufin da ke tare ambaliya shi ne kuma matattarar sauro da ƙazanta. Wannan aibi na biyu shi ya buɗe wa makaranta ta gaba ƙofa.

Makaranta ta Biyu: Dubagari

A shekarar 1897, a ƙasar Indiya, likitan sojan Ingila Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A 1899 ya je Saliyo yana wa'azin cewa maganin cutar shi ne a kawar da duk ruwan da sauro zai yi ƙwai a ciki. Shekaru huɗu bayan haka, a watan Fabrairu na 1903, sojojin Ingila suka ci Kano. Ke nan Turawan mulkin mallaka sun iso birnin ne da sabon ilimi a hannu, ilimin da ke kallon duk wani kwantaccen ruwa a matsayin abokin gaba.

Matakin da suka fara ɗauka shi ne na kare kansu. Suka kafa mazauninsu a wajen ganuwa, wajejen Nasarawa da Bompai, dokar garuruwa ta 1917 kuma ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa zaton sauro ba zai ƙetare shi ba. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 sai Sabon Gari ya tashi, da titunansa miƙaƙƙu da lambatu a gefe. Tsohon birni kuwa aka bar shi a hannun En'e. Daga nan Kano ta zama birni mai tsarin ruwa biyu da ba a ɗinke su ba, alhali ruwan sama bai san iyakar En'e da ta Bariki ba.

Domin aiwatar da sabon ilimin sai aka buƙaci ma'aikata, aka buɗe makarantar koyon tsafta a Kano a farkon shekarun 1930. Ɗalibanta su ne dubagari, kuma ana iya cewa su ne rukunin farko na 'yan ƙasa da aka horar a aji, aka ba su takardar shaida, a kan abin da ya shafi ruwa a cikin gari. An koya musu gane tsutsar sauro a randa da tulu, da zuba mai a kan ruwan da ya kwanta, da sa a cike ƙananan ramuka, da kai mai ƙazanta gaban alƙali. Har yau tsofaffi suna ba da labarin yadda gida ke ruɗewa da shara da wanke-wanke idan aka ce ga dubagari nan tafe. Aikinsu ya ceci rayuka, kuma kwarjininsu ya nuna abin da horo da ikon hukunci ke iya yi idan suka haɗu a hannun ma'aikaci ɗaya.

Amma manhajarsu ta tsaya a kan sauro. Ba ta tambayi inda ruwan zai koma ba idan aka cike ramin da ya saba kwanciya a ciki. A daidai wannan lokaci kuma, a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo da aka jawo daga Challawa. Alheri ne babba, sai dai ya rage dogaron mutane ga rijiya, ya kuma sa alaƙar da ke tsakanin kududdufi da rijiyar gida ta fara fita daga tunanin jama'a. Abin da a da ake ganin amfaninsa da illarsa, yanzu illar kaɗai ake gani. Sunan kududdufi ya ɓaci tun kafin a fara cike manyansa.

Makaranta ta Uku: Injiniyoyi da Siminti

A shekarar 1851, wadda a cikinta matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano da sunan Abdulkarim, wani injiniya a ƙasar Ailan mai suna Thomas Mulvaney ya fitar da lissafin da har yau ake koyarwa a azuzuwan injiniyanci. Lissafin yana cewa ƙololuwar ruwan da zai bi ta wata magudana ya danganta ne da abu uku: faɗin yankin da ke zubo mata ruwa, da ƙarfin ruwan saman, da kason da ƙasa ba ta shanye ba. Da wannan awo ake sanin faɗin lambatu da girman kwalbati. Tunanin da ke bayansa ya ƙarfafa ne a biranen Turai na ƙarni na 19, inda annobar kwalara da ɗoyin kogin Landan na 1858 suka sa Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Darasin da aka ɗauka daga can shi ne, a tattara ruwa, a sa shi cikin bututu, a raba shi da gari cikin hanzari.

Wannan ilimi ya iso Arewa ta hannun ma'aikatar ayyuka ta Turawa, sannan ya samu gindin zama a Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A wannan zamani ne aka zana wa Kano tsarin raya birni na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, ƙarƙashin jagorancin B. A. W. Trevallion. Gwamnatin Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, ta mayar da hankali ga madatsun ruwa, ciki har da Tiga da aka kammala a 1974, ta kuma samar da ƙwararrun 'yan ƙasa da jihar ke alfahari da su. Sai dai ƙwarewar ta fi karkata ga tare kogi a karkara domin noma da sha. Ruwan da ke sauka a kan rufin gidajen birni bai samu irin wannan kulawa ba.

A shekarun arzikin man fetur abubuwa uku suka sauya lokaci guda. Na farko, bulo da kwano suka maye gurbin tubali da azara. Siminti daga masana'anta yake zuwa, yashi daga kogi, saboda haka sabon gida ba ya barin rami a unguwa, tsohon daidaiton nan na gini da gurbi ya yanke. Na biyu, fili ya yi daraja. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birane a hannun gwamna, kududdufi kuma ya zama fili mai jiran takarda: a fara cika shi da shara, a bi da ƙasa, a yanka. Na uku, birnin ya tumbatsa. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye sun haura mutum miliyan biyu da rabi, kuma da yawa daga sababbin unguwanni awon igiya ne, inda mai gona da dillali ke yanka filaye ba tare da an bar wa ruwa hanya ba.

Ƙaramin lissafi zai nuna nauyin wannan sauyi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 a kan rufin kwano mai murabba'in mita 100, lita 5,000 za ta sauko, wato jarka 200 mai cin lita 25. Gida dubu irin wannan zai zubo lita miliyan biyar. Lokacin da wurin yake gona, jigawa za ta shanye mafi yawan ruwan. Yanzu da rufi kwano ne, tsakar gida siminti, titi kwalta, kusan dukkansa waje zai fito, kuma a tare.

A nan raunin makaranta ta uku yake. Da aka koya mana lissafin Mulvaney a jami'a, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa lissafin ba ya tsufa, amma alƙaluman da ake zuba masa suna tsufa. Kwalbatin da aka auna lokacin da bayansa gonaki ne, daidai yake a ranar da aka gina shi. Bayan shekara ashirin gonakin sun zama unguwa, ruwan ya ninka, kwalbatin yana nan yadda yake, ga kuma leda da yashi sun cinye rabin cikinsa. Ƙari a kan haka, an saba ba da aikin magudana a matsayin jelar aikin titi. Injiniya ya auna lambatun titinsa, inda kwangila ta ƙare nan lambatu ya ƙare. Idan bakinsa ya buɗe a kan ƙasa mai taushi, ruwan da aka tattara aka ƙara masa gudu sai ya fara tono. Ya yi ɗan gurbi, gurbin ya zama gangare, gindin gangaren ya riƙa zubewa yana ja da baya duk damina, har ya zama kwazazzabo mai cin gidaje. Irin wannan zaizaya ce ta addabi mutanen Bulbula da Gayawa a gefen birnin shekara da shekaru.

Jakara ma ba ta tsira ba. Ruwan da kundin tarihi ya ambace shi a matsayin kurmi mai alfarma ga mutanen Dala na farko, ya koma matattarar kwatamin birni. A zangon mulki na 2011 zuwa 2015 aka fara aikin ɗaure ta da kankare da shimfiɗa titi a tsawonta, daga cikin birni zuwa Kwarin Gogau. Ga wanda ya zauna kusa da ɗoyinta, dalilin aikin a fili yake. Amma abin lura ne cewa shekaru kaɗan kafin haka, tsakanin 2003 da 2005, birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rushe babbar gadar sama, ya buɗe rafin Cheonggyecheon da aka rufe da kankare tun shekarun baya. Manhajar da muka gada, masu ita sun riga sun fara yi mata gyara.

Yadda Duniya Ta Sauya Manhaja

Gyaran ya fi bayyana a Amurka. Bayan guguwar ƙurar da ta kwashe ƙasar noma a shekarun 1930, gwamnati ta kafa hukumar kare ƙasa daga zaizaya a 1935, ƙarƙashin Hugh Hammond Bennett, ta tura ma'aikata gona-gona suna koyarwa. Da birane suka faɗaɗa sai aka gane cewa filin da ake gini a kai yana zubar da ƙasa fiye da gona nesa ba kusa ba. A 1987 aka yi wa dokar tsaftar ruwa gyara ta haɗa da ruwan saman birane. Daga 1990 duk aikin ginin da zai tone eka biyar sai ya nemi izini tare da tsarin tare zaizaya, dokar 1999 kuma ta sauko da iyakar zuwa eka ɗaya. Wannan ya haifar da sabon nau'in horo, wanda bai tsaya ga masu digiri ba. Shugaban leburori da mai duba aiki su ma suna zama a aji na 'yan kwanaki, a koya musu kada a share fili gaba ɗaya a lokaci guda, a kafa shingen tare laka, a haƙa ramin da yashi zai kwanta, a rufe tsiraicin ƙasa da ciyawa, a kuma zagaya a duba bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Sababbin unguwanni kuma aka wajabta musu tafkin da zai riƙe ruwa na ɗan lokaci kafin ya sake shi a hankali.

Ƙasar Sin ta bi sahu a 2015 da shirin biranen da ke tsotse ruwa kamar soso, ta fara da birane 16. Ambaliyar Zhengzhou ta Yulin 2021, inda aka yi ruwa sama da milimita 200 cikin sa'a guda, ta nuna cewa tafki da ciyawa kaɗai ba sa isa, dole a haɗa su da manyan magudanai. Duk da haka alƙiblar ta tabbata: a riƙe ruwa kusa da inda ya sauka, a rage masa gudu, a bar ƙasa ta sha rabonta. Wanda ya san tsohuwar Kano zai gane wannan tafki na zamani da ganin farko. Kududdufi ne da aka auna girmansa, aka yi masa mashiga da mafita, aka hana kwatami da shara shiga cikinsa, aka kuma tsara shi ya tsane cikin kwana biyu ko uku, kafin tsutsar sauro ta yi fiffike. Ma'ana, an amsa tambayar magini da ta dubagari da ta injiniya a rami ɗaya.

A Nijeriya ma an yi yunƙuri. An kafa cibiyar horar da ma'aikatan albarkatun ruwa ta ƙasa a Kaduna a 1979, aka buɗe asusun kula da muhalli na tarayya a 1981. Ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ta girgiza jihar Kano, ta nuna cewa ruwa ma yana iya zama bala'i a ƙasar da aka fi sani da fari. A 2013 shirin NEWMAP, wanda Bankin Duniya ya tallafa da dala miliyan 500 a karon farko, ya fara aiki a jihohi bakwai na kudu, daga baya ya faɗaɗa har ya haɗa da Kano. A ƙarshen 2021 aka amince da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Waɗannan shirye-shirye sun zo da tunanin a dubi dukkan yankin da ke zubo ruwa maimakon bakin kwazazzabo kaɗai, a kuma haɗa kankare da shuke-shuke masu riƙe ƙasa. Cikin ciyayin da ake yabawa har da dangin jema, wadda manomanmu suka daɗe suna dasawa tare da gamba a kan iyakar gona.

Matsalar shiri ita ce yana da ranar ƙarewa. Yana horar da ma'aikatansa da 'yan kwangilarsa, idan wa'adi ya cika su watse. Alhali waɗanda ke yanke hukuncin hanyar ruwa a kullum wasu ne daban: birkilan da ke ɗaga dandamalin gida ya fi na maƙwabci, da dillalin da ke jan igiya, da mai unguwar da ke sa hannu a takardar ciniki, da jami'in da ke amincewa da zanen gini. Mafi yawansu babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu abin da milimita 50 ke nufi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa duk lokacin da Kano ta horar da wasu mutane a kan ruwa, birnin ya ɗauki siffar abin da aka koya musu. Magina sun bar mana kududdufai, dubagari sun bar mana ƙyamar kwantaccen ruwa, injiniyoyi sun bar mana lambatu da kwalbati. Saboda haka siffar Kano ta gobe tana cikin manhajar da ake rubutawa yau.

A ganina makaranta ta huɗu tana buƙatar abubuwa kaɗan amma tabbatattu. Ɗalibin injiniyanci da na tsara birane ya fara da taka ƙafa ya bi ruwa daga gindin Dala zuwa Wasai, ya san kududdufan da suka saura da waɗanda aka cike, domin inda aka cike nan ruwa zai koma nema. A mayar da horo ya zama na maimaitawa, tunda alƙaluman ruwan sama da na gine-gine suna sauyawa. A fassara ainihin darasin zuwa Hausa, a kai shi ga ƙungiyoyin magina da dillalan filaye da masu unguwanni, a kuma ɗaure izinin aiki da shaidar halarta, kamar yadda aka ɗaure ikon dubagari da takardarsa. Sauran kududdufai kuma a rubuta su a doka a matsayin kayan aikin birni, daidai da titi da gada, a tsaftace su, a ba su masu kula.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ana yanke hukuncin ambaliya ne tun ranar da aka ja igiya a gona, shekaru kafin hadarin da zai kawo ta ya haɗo. Mutumin da ke riƙe da igiyar nan, shi ya fi kowa cancantar a fara koyarwa.